Ƙauyen da Ba a Koya wa Ba

Shekarar da na koma jami'a neman digiri na biyu, ban san a kan tukunyar shinkafa wahalata za ta ƙare ba. Ina koyar da darasin zamantakewar al'umma a wata kwaleji a Talata Mafara, aka ba ni hutun karatu mai wa'adi. Sharaɗin a fili yake: idan wa'adin ya cika ban gama ba, in koma aji hannu rabbana, ƙarin girman da na daɗe ina jira kuma ya wuce ni ya faɗa kan wanda ya gama. Darussan aji na haye su lafiya. Bincike ne ya rage, lokacin da ya rage mini kuwa bai wuce kaka ɗaya da ranin da ke biye da ita ba.

Ban sha wahalar zaɓen abin da zan bincika ba. A hannun ƙanwar mahaifina na tashi, wadda muke kira Gwaggo, a wani ƙauye ta wajen Maradun, kuma turara shinkafa ce sana'arta. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, daga masu noma da ruwan madatsar Bakolori, ta jiƙa, ta dafa sama-sama a ƙatuwar tukunya, ta shanya, a kai inji, daga nan sai kasuwa. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, don haka daga wannan tukunyar littattafaina da takalman makarantata suka fito. Na san ciwon sana'ar tun ina mai iza wuta. Ta ƙasan tukunya takan dahu ta wuce har ta kama, ta sama kuma ba ta ji wuta ba, sai a sauke shinkafa mai launi biyu, ta je inji ta kakkarye. Masu saye a kasuwar Mafara ɗiba ɗaya suke yi a tafin hannu su taɓe baki.

Akwai wata dabara da malaman gona suka daɗe suna faɗa, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Murfin ƙarfe ake huhhudawa da ƙusa, a ɗora shi a kan duwatsu cikin tukunya, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, tururi kaɗai ke dafa ta kamar a madambaci. Sai ta fito launi ɗaya, fara, ba karyewa. Abin da nake son sani shi ne, idan aka tara mata aka koya musu wannan tare, sana'arsu takan canja, ko kuwa saurare kawai suke yi don kara, su koma ga abin da suka gada.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai sanyin murya da taurin kai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Tambayar ta yi kyau. Da wane tsari za ki amsa ta?” Ya ce kada in sake shigowa ofishinsa sai na auna tsare-tsaren bincike da juna, na san abin da kowanne ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Na fita ina cewa a raina wannan ai aikin mako ɗaya ne.

Na fara da wanda kowa ke farawa da shi, takardar tambayoyi. Amfaninta a littafi shi ne ka tambayi mutane da yawa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka tara amsoshin, ka ga hoton al'umma. Na buga 'yan kofe na tafi ƙauyen Ruwan Gizo in gwada. A gidan farko gaisuwa kaɗai ta cinye mini hantsi: kwana, gajiya, gida, yara, mutanen Mafara, hanya, sannan a sake komawa kan gajiya. Da na samu na kai ga tambaya ta farko, sai maigidan ya amsa daga zaure. A gida na biyu maƙwabta suka cika tsakar gida saboda labari ya zaga cewa an zo rubuta sunayen tallafi, kuma nan take kowace mace ta zama ba ta da tukunya, ba ta da itace, ba ta da komai.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce tambayar riba. Na rubuta, “Kina samun riba a sana'arki?” na ajiye gurbin i da gurbin a'a. Ba macen da za ta ce i a gaban maƙwabta, don tsoron baki. Ba kuma wadda za ta ce a'a, don kada ta zama mai butulce wa Ubangiji. Duk wadda na tambaya sai ta gyara mayafi ta ce, “Alhamdulillahi.” Wadda gidanta ke da kwanon rufi sabo, alhamdulillahi. Wadda danga ta faɗi ba a tayar ba, alhamdulillahi. Na dawo gida da takardu fal da godiyar Allah, ban san a wane gurbi zan zuba ta ba.

Malam bai yi mamaki ba. Ya ce ko da sun amsa gaskiya, wannan tsarin hoto ɗaya yake ɗauka, ba ya nuna mene ne ya jawo mene. Sai ya hau yabon tsarin da ya fi so a duniya, wanda ake bin mutane ɗaya shekara da shekaru ana komawa gare su. Na bar shi ya gama sannan na ce, “Ranka ya daɗe, rani ɗaya gare ni.” Ko da ina da shekarun ma, su wa zan bi? Mace a wajenmu wannan shekarar tana nan, baɗi aure ya kai ta wani gari. Kuma duk wanda ya san ƙasar Maradun a 'yan shekarun nan ya san akan wayi gari ƙauye ya tashi saboda rashin kwanciyar hankali, ka je ka tarar da rumbuna ba masu su.

Ni abin da raina ke so daban ne. Na ce ya bar ni in je in zauna a gidan Gwaggo tsawon rani, in kalli yadda ake yi, in saurari abin da mata ke faɗa a bakin murhu, in rubuta gida ɗaya ciki da bai. Wannan ma tsari ne, yana cikin littafi, ba ni na ƙaga ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Wannan ai zuwa ganin gida ne, Malama,” ya ce. “Gida ɗaya, kuma na gwaggonki. Za ki san ta ƙwarai, amma me za ki ce mana game da sauran mata?”

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Shi ne mai sa hannu.

Aka tsaya a kan gwaji. A samu ƙauyuka biyu masu kama da juna, a koya wa ɗaya, a bar ɗaya yadda yake, a riƙa auna shinkafar kowanne har ƙarshen rani. Bambancin da aka gani, koyarwar ce ta kawo shi. Malam ya ce shi ne sarkin tsare-tsare, sharaɗinsa ɗaya tak: kada abin da aka koya wa na farko ya tsallaka zuwa na biyu. Ni kuma na ce ba zan shiga ƙauyen da ba ni da kowa ba, don a yanzu ba a yin haka. Ina da ƙawa da aka aurar a wani ƙauye ta wajen Bakura, ina da Gwaggo ta wajen Maradun. Ya buɗe taswira, ya ga Mafara a tsakani, ya auna tazarar da yatsa ya ce ta isa. Da yatsa ya auna, ina kallo.

Na ɗauka ni zan zaɓi wanda za a koya wa. Ya ce a'a, ƙuri'a ce ke zaɓe, don kada son rai ya shiga. Ya naɗe takardu biyu, ya kira wani malami da ke wucewa ya ɗauki ɗaya. Bakura ta fito. Ma'anarsa ita ce zan riƙe dabarar da na sani a bakina rani guda, ina kallon matar da ta rene ni tana ƙona shinkafarta.

Ƙa'idar bincike ta ce a gaya wa mutane gaskiyar abin da ake yi da su, don haka na je na zauna da ita. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce su ma za a koya musu da zarar an gama awo.

“To mi yas sa ba a koya mamu yanzu?” ta ce.

“Gwaggo, ku ne ma'auni. Da ku za a gane ko koyarwar ta yi amfani. In kun koya yanzu, taku da tasu za su zama ɗaya, ba bambanci, aikina ya lalace.”

“In ya lalace hwa?”

“Sai in koma ba digiri.”

Ta kaɗa ƙuda da gefen zane. Can ta ce, “Kenan so ake tamu ta hi tasu muni.”

Na ce ba haka ba ne, so ake su ci gaba da yi yadda suka saba. Ta ce ta ji. Na sake maimaitawa, ta sake cewa ta ji, har da ƙarin, “Ke dai Allah shi ba da sa'a, ɗiyata.” Na tashi ina jin daɗin yadda ta fahimta da wuri.

Aiki ya kankama bayan an yi girbi. Na sa wani maƙeri a Mafara ya huda mini murafe, na kai ƙauyen Bakura, muka taru a gidan ƙawata muka yi ta gwadawa har hannun kowa ya faɗa. Daga nan na shiga zirga-zirga. Wannan makon ina Bakura, na gaba ina Maradun. Duk inda na je, matan da ke cikin binciken sukan turara tukunya a gabana, in sun shanya in ɗebi kwano daga ta kowacce, in kai inji, in zauna in tsince baƙa da karyayya in auna. Kafin in kama hanyar Maradun kuwa dole in buga wa Gwaggo waya tun ana gobe, don ba mai hawa wannan hanyar bai tambayi lafiyarta ba.

Ta Bakura ta yi kyau fiye da yadda na zata. Ta ƙauyenmu kuwa, wallahi har kunya nake ji. Ban tuna muna yin ɓarna haka ina yarinya ba. Ruwa har wuyan tukunya, wuta kamar za a gasa sa, ƙauri ya cika gida, su kuma suna hira ko a jikinsu. Gwaggo da na sani da tsayawa a kan tukunya kamar mai gadin jariri, sai in ga ta ƙara itace ta juya baya. Sau da yawa maganar takan zo har leɓena in mayar. Ina komawa gida raina a jagule, in ce wa maigidana tsufa ya fara kama Gwaggo. Wata rana na kasa daurewa na ce, “Gwaggo, wutar ba ta yi yawa ba?” Ta harare ni ta ce, “Ke da anka ce ki yi kallo, mi ya kai bakinki?” Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi, ban san da ni ake ba.

Malam kuwa kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Duk sanda na kai masa awo sai ya gyara zama. Ya ce tun da yake duba ayyukan ɗalibai bai ga bambanci mai tsabta irin wannan ba, har ya fara maganar a buga aikin a mujalla. Na fara rubuta babin ƙarshe tun rani bai ƙare ba, na kuma fara tunanin irin atamfar da zan ɗinka ranar yaye mu.

Wata Talata, zafi ya fara tsanani, na shiga kasuwar Mafara sayen shinkafar gida. Na tsaya a gaban wani mai awo da ban sani ba, saboda wani buhu da na hango a gabansa. Fara tas, doguwa, ba tsakuwa. Na ɗiba na murza, ina murmushi ni kaɗai don na san hannun ɗalibaina na Bakura.

“Wannan ta wajen Bakura ce ko?” na ce.

“A'a Hajiya, wagga ta wajen Maradun ta.” Ya ambaci sunan ƙauyenmu. “Tun bayan girbi matan can sunka canza hannu. Wani murhi sukai ma huji suna sa wa cikin tukunya. Akwai wata tsohuwa can, tata ko ta kanti ba ta hi ta ba.”

Na tambaye shi wace tsohuwa. Ya kwatanta gidan, mai durumi a ƙofa. A ƙarƙashin wannan durumin na koyi tafiya.

Ban sayi komai ba. Washegari na hau mota zuwa Maradun, na hau babur zuwa ƙauye, ban buga wa kowa waya ba. Tun daga ƙofar gida na lura ba ƙauri. Na yi sallama na shiga ban jira amsa ba. Tukwane na kan wuta, wuta daidai wa daida, tururi na fita a hankali ta ƙarƙashin buhun da aka rufe su da shi. Shinkafa shanye a kan tamfal, ba a ƙasa ba. A jikin bango ga murafe jingine, duk a huhhude, ramukan ma sun fi na maƙerina daidaito. Matan suka daskare. Wata maƙwabciya, uwar 'ya'ya da jikoki, ta zare tabarma ta yafa a kan murafen a gaban idona, kamar ban riga na gani ba.

Gwaggo ce kaɗai ba ta razana ba. Faɗa ma ta fara yi mini.

“Ke wace irin yarinya ta? Hanyag ga kinka biyo ba waya? In wani abu ya same ki hwa?”

“Gwaggo, mene ne wancan?”

“Murhi na.”

“Na ga murfi ne. Tun yaushe?”

Ta ce in zauna in sha ruwa. Na ce ba zan zauna ba. Sai ta ba ni labarin a tsaye, ba ko alamar jin nauyi. 'Yar maƙwabciyar nan mai tabarma ashe a ƙauyen Bakura take aure, ɗaki biyu tsakaninta da ƙawata. Ta yi haihuwar fari, aka kawo ta gida wankan jego kamar yadda ake yi. Tana zaune da jaririnta ta ga uwarta na cika tukunya da ruwa, ta ce, “Inna, har yanzu haka kuke yi?” Kafin a yi suna duk murfin da ke ƙauyen ya sha ƙusa. Wannan ita ce tazarar da Malam ya auna da yatsa. Ni da na tashi a garin, na san ana kai amare Bakura ana kawo masu jego gida, amma taswira ta rufe mini ido.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Irin wannan yoyon sananne ne a bincike, da sun gaya mini da wuri da na canja ƙauye tun kaka. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne shinkafar da nake ta auna wata da watanni.

“To wadda kuke turarawa a gabana fa?”

“Ai taki ta,” ta ce. “Ke kinka ce in mun koya aikinki ya ɓaci. Shi na nit tara mata nic ce masu, ranad da ɗiyata za ta zo, kowa ta ɓoye murhinta a koma irin ta da. In kin tahi mu ci gaba da sana'armu.”

“Irin ta da ma ba ta kai haka muni ba!”

“Mun ɗan ƙara wuta,” ta ce. “Don malamin naki shi gani da kyau.”

Wallahi ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar. Na ce sun kashe ni, sun kashe rani guda, duk abin da na rubuta ƙarya ne, shara ne. Na ce na ce musu su yi yadda suka saba, ban ce su yi mini wasan kwaikwayo ba. Matan suka sunkuyar da kai, ita kuwa kallona take da mamaki na gaske, irin kallon wanda ya kai maka tuwo ka ce ya zage ka.

“To wa yas sani?” ta ce a hankali. “Dut garin ga ba mai hwaɗi. Mun yi alkawari. Ki kai abinki ki amso takardarki.”

Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa, ba mai faɗi. Babin ƙarshe na nan a rubuce, Malam na jira da biro a hannu. Na yi kwanaki ina jujjuya maganar, ina jin haushinta, ina jin haushin Malam da yatsansa, ina jin haushin mai awon da bai iya yin shiru ba. Amma ni ke tsayawa a gaban ɗalibai ina ce musu kada su rubuta abin da ba su gani ba, kuma na san duk ranar da aka kira ni da wannan digirin ƙaurin nan zan ji. Na je na gaya wa Malam.

Ya ajiye biron. Sannan ya ce gwajin ya mutu, ba a gyara shi, sai dai a sake wani da sabbin ƙauyuka a wata kakar. Ba ni da wata kakar. Wa'adi ya cika, na koma aji, ƙarin girman ya faɗa kan wani abokin aikina da ya raba takardar tambayoyi ga ɗalibansa a aji ɗaya ya gama cikin wata biyu. Na taya shi murna da bakina kawai.

Na ɗauke ƙafa daga ƙauye. In Gwaggo ta bugo waya sai in gaishe ta a gajarce in ce ina aji. Sai da damina ta sauka Malam ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce abin da matan nan suka yi shi kansa abin bincike ne, in je in zauna da su in rubuta yadda dabarar ta tsallaka da yadda aka ɓoye ta. Wato zuwa ganin gidan da ya yi mini dariya a kai. Ban tuna masa ba, amma na tabbata ya gani a fuskata. Da wannan na samu digirin daga baya, a makare, ina koyarwa ina rubutu.

Ranar da na koma, na buga waya tukuna. Na isa da azahar na tarar an dafa mini shinkafa fara da miyar kaza, an shimfiɗa mini tabarma a rumfa. Gwaggo ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ta ce in ci, ita ta riga ta ci. Ban yarda ba, don na san ba ta cin abinci kafin baƙo. Na ba ta ɗan lokaci sannan na bi ta ɗaki. Na same ta a bayan ƙofa da kwano a cinya, tana cin wata shinkafa baƙa-baƙa, dagargajajjiya, da ɗan mai da yaji. Ƙaurin ya gaya mini ko wacce ce tun kafin in duba. A bayanta ga buhuna jingine har kusan rabin bango.

“Gwaggo, wannan duk taki ce? Ai tukunya ɗaya kike yi in na zo.”

Ta ci gaba da tauna ba ta dube ni ba. Maƙwabciyar nan mai tabarma, wadda ta biyo ni da ruwan sha, ita ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce ai ba wadda za ta yarda ta ƙona shinkafarta haka kawai, kowa da bakunan da take ciyarwa. Gwaggo ce ta ce duk wadda ta ƙona tukunya saboda ɗiyarta ta kawo mata, ta auna mata fara kwano da kwano. Haka aka yi rani guda. Ta kai ƙonanniyar kasuwa ba wanda ya taya, kuma ta ce abinci ba ya zuwa juji a gidanta. Tun daga lokacin ita take ci, safe da rana.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Faɗan da na zo da guntunsa a raina yana nan, bai tafi ko'ina ba, sai dai na rasa a kan wa zan sauke shi. Na fita na wanke hannu, na dawo na zauna a ƙasa na sa hannu a kwanonta. Ta janye, na jawo.

“Ba taki ba ta,” ta ce. “An dahwa maki hwara.”

“Ai kin ce tawa ce.”

Ɗaci gare ta, ga tsakuwa, ga warin hayaƙi da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Muka ci har kwanon ya ƙare. Da zan tafi na sa mai babur ya ɗaure mini buhu biyu a baya, muna jayayya da ita tun daga ɗaki har gindin durumi, tana cewa me maigidana zai ce, ina cewa ya ce abin da ya ga dama. A Mafara yarana suka yi ta ƙorafi, suna tambaya wane laifi suka yi. Na ce su ci su yi shiru, ta makarantar uwarsu ce. Sai da muka kai kaka muna cinta, kuma ko a lokacin nata buhunan ba su ƙare ba.